Kafin Ka Sa wa Motarka Kayan Sauti: Abin da Ya Kamata Ka Sani

Wanda ya tsaya a tashar mota ta Yelwan Yauri da hantsi zai ji abubuwa da dama suna tashi lokaci guda. Golf mai lodin Kontagora ta sa tafsiri, Sharan mai zuwa Birnin Kebbi ta saki Sani Ɗandawo, can gefe kuma wani matashi ya buɗe but yana gwada sabuwar wufa har gilashin motar na karkarwa. In ka kasa kunne da kyau za ka gane cewa a mafi yawansu ƙara ce kawai ke tashi, magana ba ta fita. Fasinjan baya yana jin malam na magana, amma bai san abin da ya ce ba. An kashe kuɗi, sai dai ba inda ya dace ba.

Abin da muka fi saurare a mota a wannan yanki namu murya ce: karatun Alƙur'ani, wa'azi, labarai, da waƙoƙin baka irin na Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos, waɗanda daɗinsu yana cikin kalmomi. Kalangu da kotso da kuntigi ma ba kayan kiɗa ne masu girgiza ƙasa ba. Saboda haka mai mota a Yauri ya fi bukatar lasifikan gaba masu kyau da waya mai kauri da aka ɗaura daidai, fiye da babban akwati a but mai ɗauke da lamba mai sifili uku. Sauran bayanin duk a kan wannan zai hau.

Rediyon mota ya kusa shekara ɗari. A 1930 kamfanin Paul Galvin na Chicago ya fitar da wanda ya sa wa suna Motorola, kuɗinsa sama da dala 100 a lokacin da sabuwar ƙaramar Ford ba ta kai dala 700 ba. Blaupunkt na Jamus ya kawo FM cikin mota a 1952, Philips ya ƙirƙiro kaset a 1963, Pioneer kuma ya sa faifan CD a mota a 1984. A wurinmu kaset ne ya yi sarauta, tun zamanin Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. CD bai ji daɗin hanyoyinmu ba, don da an faɗa rami sai ya yi tsalle, ƙura kuma ta rufe masa ido. Da memori da filash suka zo aka huta. Amma duk wannan sauyi bai taɓa ginshiƙin abin ba: akwai rediyon da ke dashbod wanda sauti ke fitowa daga gare shi, akwai amfilifaya mai ƙara masa ƙarfi, akwai lasifika mai mayar da lantarki ya zama abin da kunne ke ji, sai wayoyin da suka haɗa su da batir. Kusan kowane rediyo yana da ƙaramar amfilifaya a cikinsa, shi ya sa yake iya tuƙa lasifika huɗu ba tare da an ƙara komai ba.

Mu fara da rediyon. Ramin da ake zura shi yana da ma'auni na duniya: faɗi milimita 180, tsayi milimita 50 ga ƙarami, ko 100 ga babba, irin mai allo. Tsofaffin motocin Turai yawanci ƙaramin rami gare su. Sababbin motoci kuwa kowane kamfani da fasalin fuskarsa, sai an nemo firam ɗin da aka yi domin wannan motar. Kada ka yarda a yanka maka dashbod da wuƙa mai zafi saboda rashin firam. In ba a samu a kusa ba, ana samu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna ko Ladipo ta Legas, direbobin da ke bin hanyar suna iya taho maka da shi.

Akwai wani abu da ke rikita masu motoci 'yan Beljiyam da 'yan Kwatano, har su ɗauka rediyonsu ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau. Rediyon da aka yi domin Amurka, irin wanda ke zuwa a cikin Camry da Corolla da Sienna, yana tsallake tashoshin FM ne bibbiyu, a kan lambar mara kawai: 95.1, 95.3, 95.5. Tashar da ke kan 96.2 ba zai taɓa sauka a kanta daidai ba. A matsakaicin zango kuma yana tafiya goma-goma, alhali Afirka da Turai tara-tara suke tafiya. Kilohaz 594 da aka san Rediyon Najeriya Kaduna da shi, rediyon Amurka sai dai ya tsaya a 590 ko 600, ka ji tashar a dishe. Tsohon rediyon da aka ciro daga motar Japan ya fi wannan matsala, domin FM ɗinsa daga megahaz 76 zuwa 90 yake, namu kuwa daga 87.5 zuwa 108. Kusan duk tashoshinmu suna wajen da'irarsa. Na Turai ba shi da wannan, amma yana da tasa: wasu da an cire kan batir sai su kulle, su nemi lambar sirri. In ka sayi mota ka tambayi lambar tun mai ita yana kusa.

Ko da rediyon ya dace, kada ka ɗora masa laifin nisa. FM ba ya zagaye doron ƙasa, iya inda eriyar tasha ke hange yake kaiwa, kuma tsakanin Yauri da Birnin Kebbi tafiya ce mai tsawo. Matsakaicin zango ya fi nisa, musamman da dare. Gajeren zangon da iyayenmu ke kama BBC da shi tun da aka buɗe sashen Hausa a 1957, da wuya ka same shi a rediyon mota. Wannan ya sa a aikace abin da direban Yauri ya fi amfani da shi shi ne ramin filash da Bluetooth, su ya kamata ka fara gwadawa a shago. In rediyon da motar ta zo da shi yana da kyau amma ba shi da su, akwai 'yar na'urar da ake sokawa a ramin kunna sigari, ta karɓi sauti daga waya ta aika wa rediyo ta FM. A manyan birane takan sha wahala saboda cunkoson tashoshi. A nan kuwa zango a buɗe yake. Sautinta bai kai na haɗin kai tsaye ba, amma kuɗinta kaɗan ne.

Masu allo na Android sun cika kasuwa, kuma kyamarar baya da suke zuwa da ita tana da amfani a lungunan da yara ke wasa. Ra'ayina dai shi ne, mai arha daga cikinsu allo ka saya, ba sauti ba: yana nauyin tashi, zafin watan Afrilu yana sa shi daskarewa, amfilifayar cikinsa kuma ba ta kai ta tsohon Pioneer ko Kenwood na gaske ba. Direban da ya kunna fim a gabansa a hanyar Koko kuwa, wannan ba maganar sauti ba ce kuma.

Sannan ka tuna babu na'urar da za ta gyara abin da ya zo a lalace. Waƙar da aka ɗauko daga tsohon kaset, aka matse ta, ta bi ta wayoyi goma kafin ta iso wurin mai tura waƙa a bakin kasuwa, ko a motar gwamna aka sa ta haka za ta fito. Fayil ɗin MP3 mai lamba 128 ya wadatar ga wa'azi. Ga kiɗa, 192 zuwa 320 ya fi. Lasifika mai kyau ma tona asirin fayil maras kyau take yi.

Yanzu ga inda aka fi cutar mai saye, wato lambar wat. Za ka ga an rubuta 50W x 4 a fuskar rediyo. Wannan ƙololuwar abin da zai iya yi ne na ƙiftawar ido. Ƙarfin da yake bayarwa a ɗore, wanda ake rubutawa da haruffan RMS, bai wuce wat 15 zuwa 22 ga kowace lasifika ba, ko da na babban kamfani ne. Lambar RMS ita ce ta gaskiya. Duk inda ka ga MAX ko PMPO, ka ɗauka ado ne na kwali. Akwai kuma hanyar kama ƙarya da ba ta bukatar kowace na'ura: ka duba fiyus ɗin da ke jikin amfilifayar. Wat shi ne bolt sau amfiya. Mota tana ba da kusan bolt 14 in inji na aiki. Amfilifayar da aka rubuta wa wat 3000 amma fiyus ɗinta na amfiya 20 ne, iyakar abin da za ta iya ja shi ne 20 sau 14, wato 280, kuma wani kaso daga ciki zafi zai zama. Abin da zai isa lasifika bai fi 200 ba. In mai shago ya ce, "Alhaji, wannan dubu uku ce cur," kai dai ka ce, "To madalla, juyo min bayanta in ga fiyus."

Wat ɗin ma ba ya yin abin da mutane ke zato. In ka ninka ƙarfi sau biyu, desibel 3 kawai ka ƙara, abin da kunne zai ji ya ɗan ƙaru. Kafin mutum ya ce ƙarar ta ninka, sai an ninka ƙarfin kusan sau goma. Shi ya sa wata lamba da ba a kula da ita a kwalin lasifika ta fi amfani ga wanda ba zai sa amfilifaya ba: lambar desibel da ke nuna saurin amsawarta. Lasifika mai 91 tana ba da ƙarar da mai 88 za ta bayar da rabin ƙarfin.

Lasifikan ƙofa yawanci inci 6.5 ne, na dashbod inci 4, masu siffar ƙwai na baya kuma 6 x 9. Mutane sun fi son cika baya da manya su bar na gaba a yage, kuma wannan juyin waina ne: sauti mai kauri yana ratsa ko'ina, amma siririn sautin da ke bambance "sa" da "sha" a bakin mai magana miƙe yake tafiya, kujera ko ƙafar fasinja tana tare shi. Don haka ake raba wata lasifikar gida biyu, babbar a ƙofa, 'yar ƙaramar mai siririn sauti a sama kusa da gilashi, daidai kunne. In kuɗinka na abu ɗaya ne tak, sa shi a nan. Motar haya mai layi uku ita ce ke da hujjar ƙara lasifika a baya, domin fasinja ya ji ba sai an ƙure wa na gaba ba.

Yanayinmu yana da hukunci a kan abin da za ka zaɓa. Lasifikar da mota ta zo da ita sau da yawa fatarta ta takarda ce, bakinta na soso. Zafin bazara, da ke haura digiri 40 a inuwa balle a cikin motar da aka rufe, yana busar da soson ya ruɓe. Ƙurar hunturu ta shiga. Damina ta zo ruwa ya bi gilashi ya sauka cikin ƙofa, ga kuma laimar bakin ruwa. Nemi mai fatar leda mai tauri da bakin roba. A ɗaure ta da dukkan kusoshinta, a toshe gefenta kada iskar baya ta haɗu da ta gaba, a kuma mayar da ledar da ke cikin ƙofa in an ɓare ta. Rabin kwaramniyar da ake ɗora wa lasifika, murfin ƙofa ne ya saki saboda ramukan hanya.

Abu biyu kan lalata aiki wajen haɗa lasifika, kuma dukansu ba sa cin ko sisi in an kula. Na farko lambar om. Lasifikar mota om 4 ce, kuma da ita aka auna rediyo. In aka ɗaura biyu a kan waya ɗaya, fozitif da fozitif, negatif da negatif, sun koma om 2. Rediyon zai ja wuta ninki biyu, ya yi zafi, ya riƙa ɗaukewa, wata rana ya ƙone. Masu bas suna yawan faɗawa wannan. In dole ne a ƙara, a jera su ɗaya bayan ɗaya su zama om 8, ƙara ta ɗan ragu amma rediyo ya tsira, ko kuma a sa amfilifayar da aka rubuta tana ɗaukar om 2. Na biyu juya waya. In aka juya fozitif da negatif a lasifika ɗaya, tana turawa 'yar'uwarta na ja, sai kaurin sautin ya ɓace. Gane shi ba wuya: karkatar da sautin gaba ɗaya zuwa hagu ko dama; in ka ji ya fi kauri a gefe ɗaya fiye da a tsakiya, an juya. Mai wayarin da ya san aikinsa yakan taɓa wayoyin da ƙaramin batirin tocila mai bolt 1.5: in fatar ta turo waje, wayar da ta taɓa fozitif ɗin batirin ita ce fozitif.

Ba na ƙin wufa. Kunnen ɗan Adam yana ji daga haz 20 zuwa 20,000, lasifikar ƙofa kuma ba ta iya sauka can ƙasa, ga ƙarar taya da inji tana cinye ɗan abin da ta fitar. Mai sauraren waƙoƙin zamani na situdiyo zai ji bambanci. Guda ɗaya mai inci 10 ko 12 a cikin akwati rufaffe mai katako mai kauri ta ishi ƙaramar mota. A saita ta ta tsaya a wajen haz 80 zuwa ƙasa, a kuma hana lasifikan ƙofa sauka ƙasa da wannan. Nan take murya za ta washe, don an sauke musu kayan da ba nasu ba. Sai wani maɓalli a jikin amfilifaya da aka rubuta wa GAIN, wanda yara ke murɗawa har ƙarshe suna zaton na ƙara ne. Aikinsa daidaita amfilifaya da rediyo. A kai rediyo kashi uku cikin huɗu, a riƙa ɗaga GAIN ɗin a hankali har sauti ya fara tsagewa, sannan a dawo baya kaɗan a bar shi. Wannan tsagewar ita ke ƙona lasifika, kuma ƙaramar amfilifaya da aka ƙure ta fi yin ta.

Duk wannan wuta daga wani wuri take fitowa. Altanetar ƙaramar mota takan ba da amfiya 70 zuwa 90, fitilu da fanka da famfon mai da na'urar sanyi sun riga sun ci rabonsu. Amfilifaya mai wat 500 na gaske in ta buɗe wuta tana iya jan amfiya 45 ko fiye. In ka ga fitilun gaba suna lumshewa tare da kiɗa, motar ce ke faɗa maka an wuce gona da iri, kuma sabon batir ba zai magance ba, domin batir ajiya yake yi, ba ya haifar wuta.

Manomin albasa a fadama ya san in ka ɗaura siririyar tiyo a babban injin ban-ruwa, ruwan da zai isa kunya kaɗan ne, injin kuma ya wahala. Haka waya take. Ƙaramar amfilifaya tana son mai lamba 8, babba mai lamba 4. Ƙanƙantar lamba, kaurin waya. Ka lura da wadda roba ce ta yi kauri, cikin kuwa 'yan silalla. Ka kuma kankare bakin ka gani: in jan ya tafi fari ya bayyana, alminiyom ne aka yi wa rufin tagulla, yana ɗaukar kusan kashi 60 cikin 100 na abin da tagulla zalla ke ɗauka, yana kuma saurin cin tsatsa a wuri mai laima. Abin da ba a sasantawa a kansa shi ne fiyus a kan wayar da ta taso daga batir, a cikin tazarar da ba ta wuce santimita 45 daga kan batirin ba. Ba amfilifaya yake karewa ba, motar yake karewa. Wayar tana ratsa ƙarfe ta bi ƙarƙashin kafet har but; ranar da gogayya ta feɗe ta ta taɓa jikin mota, in babu fiyus, ja za ta yi ta kama da wuta. Wanda ya ɗaure fiyus da ya ƙone da silin waya ya cire wannan kariya da hannunsa.

Launukan wayoyin rediyon kasuwa kusan ɗaya ne a ko'ina, kuma saninsu zai sa ka gane abin da ake yi maka. Rawaya tana zuwa wutar da ba ta ɗaukewa, ita ke riƙe agogo da tashoshi. Ja tana bin makulli. Baƙa tana zuwa jikin ƙarfen mota. Shuɗiya mai ratsin fari ita ke tayar da amfilifaya. Fara da toka na lasifikan gaba ne, hagu da dama. Koriya da shunayya na baya. Mai gaggawa yakan murɗe rawaya da ja wuri ɗaya ya ba su wuta kai tsaye, sai rediyo ya ƙi mutuwa da makulli, mota ta kwana biyu a ajiye a wayi gari ana turi. In kuma rediyonka yana manta tashoshi duk lokacin da ka kashe mota, an musanya su ne. Wasu motocin Jamus da haka soket ɗinsu yake zuwa. Kukan nan siriri da ke tashi yana sauka tare da totur kuwa, yawanci baƙar waya ce aka ɗaura a kan fenti ko ta yi tsawo. A kankare wurin har ƙarfe ya fito, a kuma raba wayar sauti da ta wuta, kowace ta bi gefenta na mota.

Manyan motocin da ke ɗaukar albasa da shinkafa da busasshen kifi zuwa kudu, irin su DAF da MAN, bolt 24 suke amfani da shi, batir biyu a jere. Rediyon bolt 12 da aka haɗa kai tsaye ko minti ɗaya ba zai yi ba. Dabarar da aka saba, ta jawo wuta daga batir ɗaya, tana aiki na ɗan lokaci, amma ɗayan yana ramewa ɗayan yana cika fiye da kima, a ƙarshe a sayi biyu. Akwai 'yar na'ura mai sauke 24 zuwa 12, ita ce maganin. Mai Keke Napep da mai babur kuwa wutarsu kaɗan ce ƙwarai, ƙaramin rediyo da lasifika biyu ne iyakarsu. A kan tafkin da madatsar Kainji ta haifar a 1968, masu jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Yelwa da Zamare da Wara da ƙauyukan tsibirai su ma kayan mota suke ɗaurawa a kan batir mai bolt 12, wasu da ɗan faifan sola. Ƙa'idar ɗaya ce, sai dai jirgin katako ba shi da jikin ƙarfe, don haka dole baƙar waya ta koma kan batir da kanta, a rufe kowane haɗi daga feshin ruwa, a ɗaga batirin daga ƙasan jirgi.

Kunne ma yana da ma'auninsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya jure desibel 80 na awa 40 a mako; a desibel 90 lokacin ya koma awa 4 kacal. Direban haya da ke wuni a hanya gilashi a sauke ya riga ya sha ƙarar iska da inji kafin ya kunna komai, kuma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. In sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ka rage. A hanyar da shanu ke tsallakawa, babura ke fitowa daga gona ba sallama, tirela ke danna oda daga baya, direba yana bukatar kunnensa a waje.

Ranar ɗaurawa ka tsaya a wurin, ka tabbata an cire negatif na batir kafin a taɓa waya, an haɗa da soket maimakon yanke wayoyin motar, an kuma rufe kowane haɗi da kyau. Kafin ka biya, sa karatu ko labarai da ka saba ji, ka zagaya da sautin lasifika ɗaya bayan ɗaya. Tayar da inji, kunna fitilu da fanka, taka totur ka saurari ko akwai kuka. Kashe mota ka zare makulli ka ga rediyon ya mutu, ka sake kunnawa ka ga bai manta tasha ba. Tsohon rediyon da aka cire kuma ka karɓi abinka ka adana, dillali zai tambaye shi ranar da za ka sayar da motar.